Guzurin da Ba Ya Shiga Akwati: Zamana na Shekara Huɗu a Ƙasar Malesiya

 

Tun da na dawo gida 'yan uwa da ɗalibaina na Islamiyya suke yawan tambayata yadda zaman ƙasar waje yake, musamman waɗanda mazajensu suka sami gurbin ƙaro karatu kuma suke shirin bin su. Wata ta tambayi abinci, wata ta tambayi makarantar yara, wata kuma ta ce ko mace tana iya samun abin yi a can. Shi ya sa na ga ya dace a wannan watan in ba ku labarin zaman da na yi a ƙasar Malesiya daga shekarar 2017 zuwa 2021, da abin da na gani, da abin da na koyar, da kuma wani kuskure da na tafka wanda ba na so wata 'yar uwa ta maimaita shi.

Shiri da isa

Lokacin da Malam ya sami gurbin yin digiri na uku a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Malesiya, wata biyu cur na yi ina haɗa guzuri. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu, man shanu, babu abin da ban ɗaure ba, har sai da aka ce kayanmu sun wuce kima a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, muka rage wasu muka ba ƙanina ya koma da su. Takardar shaidar malanta ta NCE kuwa, wadda na yi a fannin Turanci da Addinin Musulunci, sai a daren tafiya na tuna da ita na cusa a aljihun akwati. A tunanina a lokacin, me zan yi da ita a ƙasar mutane?

Muka tashi daga Kano a watan Satumba, muka ya da zango a Adis Ababa, sannan muka isa Kuwala Lumfur, babban birnin ƙasar. Ina riƙe da hannun 'yar farina mai shekara 4, wadda ba zan kama sunanta ba, kun dai san alkunyar ɗan fari, ƙaninta kuma yana goye a bayana. Abin da ya fara tarbata shi ne zafi mai gumi, irin na ranar da hadari ya haɗu bai zuba ba. Ƙasar ba ta san hunturu ba, ba ta san bazara irin tamu ba, kusan kullum shekara ana ruwa, ko'ina ka duba kore shar. Agogonsu yana gaban namu da awa 7, saboda haka lokacin da muke sallar isha'i, a gida azahar ake shirin yi.

Jami'ar, wadda aka kafa a 1983, tana wata unguwa ce da ake kira Gombak a gefen birni, gindin duwatsu. Da na faɗa wa mahaifiyata sunan a waya sai ta ce, "Au, ashe Gombe kuka tafi aka yi ta wahalar da mu da rakiya?" A nan kusa muka nemi gidan haya, kuma a nan na fara ɗanɗana ɗacin baƙunta. Sau uku Malam yana gama magana da mai gida ta waya lafiya lau, da zarar an ji daga Najeriya muke sai a ce an riga an ba wani. Wani dillali ma bai ɓoye ba, ya ce mai gidan ba ya son 'yan Afirka. Laifin wasu tsiraru daga cikinmu da suka je suka yi damfara da safarar ƙwaya shi ya shafi kowa, wake ɗaya ya ɓata gari. Daga ƙarshe Allah ya haɗa mu da wani dattijo Bamalaye da ya ba mu ɗaki uku a hawa na 11 na wani dogon bene.

Zaman kaɗaici

'Yar uwa, kada wani ya ruɗe ki da hotuna. Watanni ukun farko na yi kuka ba sau ɗaya ba. Malam zai fita da safe, sai dare. Ni da na saba da hayaniyar ɗalibai, da shigowar maƙwabta, da suna da biki, sai ga ni a sama kamar tsuntsuwa a keji, in leƙa taga in ga motoci ƙanana kamar ƙwaro. Babu mai sallama ya ce a ba shi aron turmi, babu almajirin da zai zo ɗaukar wanke-wanke.

Ganin haka na ce da Malam zan nemi aikin koyarwa. Cibiyoyin koyon Turanci suna da yawa a birnin, domin Larabawa da 'yan Sin da sauran baƙi suna zuwa koyo kafin su shiga jami'a. Na je wata cibiya ɗauke da takarduna. Matar da ta karɓe ni ta yaba da Turancina, amma ta ce iyayen da ke biyan kuɗi sun fi son malamin da ya fito daga Ingila ko Amurka ko Ostareliya. Ta dubi hijabina, ta dubi fatata, ba ta ƙara komai ba, ni ma na gane. Sannan ta nuna min abin da ban sani ba: bizar da aka buga min ta mai rakiyar ɗalibi ce, kuma doka ba ta yarda mai irinta ya yi aikin albashi ba. Na dawo gida jiki a sanyaye.

Wadda Allah ya sa ta zama sanadin buɗi ita ce maƙwabciyata, wata dattijuwa Bamalayiya da ta yi ritaya daga aikin koyarwa. Makci nake kiranta, wato inna ko gwaggo a harshensu. A ƙaramin masallacin benenmu muka saba, irin wanda suke kira surau. Ranar da ta ji ni ina biya wa 'yata karatu, ta tambaye ni aikina a gida. Da na faɗa mata sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ustaza, kina da Alƙur'ani kina da Turanci, kike zaune a ɗaki? Gobe ki shirya, akwai inda zan kai ki."

Makarantar saman shago

Washegari ta ɗauke ni a motarta zuwa Selayang, unguwar da ke da babbar kasuwar sari ta kayan gwari da kifi. Muka hau wata matattakala mai duhu a bayan wani shago. A sama na tarar da ɗaki biyu, da fanka ɗaya, da yara sun fi 50 zaune a kan leda. 'Ya'yan Rohinja ne.

Ga wadda ba ta san su ba, Rohinja al'umma ce ta Musulmi daga jihar Rakhin ta ƙasar Miyanma, wadda a da ake kira Bama. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar su ba su da ƙasa a garin da aka haifi kakanninsu. A watan Agustan 2017, wata ɗaya kafin isarmu, sojojin ƙasar suka far musu, mutum sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash. Tun kafin wannan ma wasunsu sun daɗe suna ratsa teku a jiragen ruwa na katako zuwa Malesiya, inda waɗanda Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa rajista suka haura 100,000. Sai dai Malesiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba. Saboda haka a shekarun da na zauna, iyayen ba su da izinin aiki a hukumance, sai dako da shara da yankan kifi a ɓoye, yaran kuma ba a karɓarsu a makarantun gwamnati. Irin wannan makaranta ta saman shago, wadda jama'a da masu taimako suke riƙewa, ita kaɗai ce tasu.

Aka ba ni aji mai yara 26, daga mai shekara 7 har mai 14, kwana uku a mako, aikin sa kai ba ko sisi. Da na shiga sai suka taso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama hannuna ya kai goshinsa, kamar yadda yaran Malayawa suke gaida manya. Suka ce da ni Cikgu, wato malama.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko zuciyata ta yi min wasiwasi. Na ce ni da nake koyar da Alƙur'ani da Fiƙihu a gida, yau na ƙare da koya wa 'ya'yan Musulmi harshen Nasara? Malam ne ya tunatar da ni abin da ni ma nake karantarwa: Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙu, kuma bayan yaƙin Badar an sa wasu fursunoni sun fanshi kansu ta hanyar koya wa yaran Madina rubutu. Sannan na ga amfanin abin da idona. Yaron da ya iya Turanci shi ke cika wa ubansa takarda a ofishin hukumar 'yan gudun hijira, shi ke karanta rubutun da ke jikin kwalbar magani, kuma idan Allah ya sa an zaɓi gidansu cikin 'yan kaɗan ɗin da ake mayarwa Amurka ko Kanada ko Ostareliya, shi zai zama bakin gidan gaba ɗaya.

Akwai abin dariya kuma. Kun san yadda mu Hausawa muke fama da harafin P, muna mayar da shi F. To ashe su ma Rohinja haka suke, ruwa ma da maƙwabtansu suke kira pani, su fani suke cewa. Sai ga malama da ɗalibai ciwonsu ɗaya. Na tuno dabarar da wani malaminmu ya koya mana a kwaleji: kowa ya riƙe 'yar takarda a gaban leɓensa, idan ya furta P daidai takardar za ta motsa. Ranar ajin nan ya kaure da dariya har mai shagon ƙasa ya hau ya leƙa. Da na zo koyar da ranakun mako kuwa, na fara da na Malayanci da suka riga suka sani: Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad. Na ce da su a garinmu Litinin muke cewa, da Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Suka yi ta mamaki, ni ma haka, yadda Larabci ya haɗa mu zumunci da mutanen da ke wancan gefen duniya. Malayawa har ajami gare su, suna kiransa Jawi, za ki gan shi a allunan tituna da na masallatai.

A cikin ajin akwai wata yarinya 'yar shekara 12 da ta fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa. A teku ta yi makonni tana ƙarama, a cinyar uwarta. Cikin shekara ɗaya ta fara karanta ƙananan littattafai ita kaɗai. Wata rana ta zo tana murna, ta ce jiya ta raka uwarta asibiti, ita ta yi wa likita bayani da Turanci, kuma likitan ya tambaye ta wace makaranta take. Wallahi ban taɓa karɓar albashin da ya yi min daɗi kamar wannan maganar ba.

Abin da ido ya gani

Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Duk lokacin da Malam ya sami hutu mukan ɗan zaga. Mun je gindin tagwayen benayen nan na Petronas masu hawa 88 da tsawon mita 452, waɗanda suka taɓa zama mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. Mun yi salla a Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 1965, da kuma masallacin Putra mai ruwan hoda da ke bakin tafki a Putarajaya, sabon birnin da gwamnati ta mayar da ofisoshinta.

Amma inda ya fi tsaya min a rai shi ne Malaka, tafiyar kamar awa 2 a mota kudu da Kuwala Lumfur. Tun daga hanya, hagu da dama, gonakin kwakwar manja ne iya ganinki. Wannan itaciya asalinta daga Afirka ta Yamma take. A gida mukan ce wai bayan samun 'yancin kai suka zo suka karɓi irin a wurinmu, amma gaskiyar magana sun fara nomanta don kasuwa tun 1917. Abin da suka fi mu shi ne riƙo da abu, har ga shi su da Indunusiya su ke kan gaba a duniya wajen fitar da manja.

Malaka tsohuwar daular Musulunci ce da ta bunƙasa a ƙarni na 15, wato a daidai zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa yake mulkin Kano. Kamar yadda fatake suka kawo mana addini ta Sahara, su ta teku 'yan kasuwa suka kawo musu. Turawan Fotugal suka ci garin a 1511, na Holan suka ƙwace a 1641, daga baya ya koma hannun Ingila a 1824, har zuwa samun 'yanci ranar 31 ga Agusta, 1957. Shekara 446 ke nan a hannun baƙi, amma kiran salla bai yanke ba. Mun shiga masallacin Kampung Kling na shekarar 1748, wanda hasumiyarsa ta yi kama da ginin mutanen Sin, kuma a kan titi ɗaya yake da wurin bautar Hindu da na 'yan Sin. Ƙidayar 2020 ta nuna Musulmi sun kai kashi 63 cikin 100 na mutanen ƙasar, sauran mabiya Buda ne da Kirista da Hindu.

Abubuwa uku na gani da na yi fatan a ce muna da su. Na farko, babu kasuwar zamani ko tashar mota ko wurin hutawa a babbar hanya da ba a ware wurin salla na mata ba, da wurin alwala mai tsafta, da fararen hijaban salla da suke kira telekung a rataye don wadda ba ta zo da nata ba. Na biyu, a jirgin ƙasa akwai taragon da aka ware wa mata zalla. Na uku shi ne asusun aikin Hajji da suke kira Tabung Haji, wanda aka kafa tun 1963, inda uwa take buɗe wa jaririnta ajiya tana zuba kaɗan-kaɗan. Alhamdulillahi mu ma Hukumar Alhazai ta ƙaddamar da irinsa a 2020.

Su mabiya mazhabar Imam Shafi'i ne. Ranar farko da na bi jam'in asuba na ji liman ya bayyana bisimilla, bayan ruku'u kuma ya ɗaga hannu yana alƙunutu a bayyane jama'a suna amin, sai na ɗan rikice, domin mu Malikawa a asirce muke yi kafin ruku'u. Abin da na karanta a littafi game da saɓanin malamai, ranar na gan shi a sahu. Da azumi kuma kowace unguwa takan buɗe kasuwar buɗa baki da yamma. Na saba da nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, amma 'ya'yan itacen nan mai ƙaya da suke ji da shi, duriyan, har na baro ƙasar warinsa bai bar ni na kai shi baki ba. Da salla ƙarama sukan buɗe ƙofofinsu ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, a shiga a ci a sha. Makci takan sa mu a gaba gida-gida kamar 'ya'yanta.

Ranar da Hajiya ta yi magana

Yanzu ga kuskuren da na ce zan faɗa muku. Muna shekara ta biyu, 'yar farina tana zuwa wata makaranta da ake koyarwa da Turanci, abokan wasanta Malayawa ne da Larabawa da 'yan Indunusiya. Ni kuma don ta yi fice, sai na mayar da Turanci harshen gida. Da shi nake tashinta, da shi nake mata faɗa, har ina alfahari idan baƙi suka yaba.

Wata ranar Juma'a muka kira Hajiya, mahaifiyar Malam, ta waya mai hoto. Bayan mun gaisa ta ce, "Ina kishiyar tawa? Ba ni ita." Na miƙa wa yarinya. Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, kin ƙwace min miji kin gudu da shi, yaushe za ki dawo min da shi?" Yarinya ta yi shiru, ta juyo ta tambaye ni da Turanci me tsohuwar take cewa. Hajiya ta ji. Ta ɗan jima ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ashe kun kai min jika inda sai da tafinta zan yi magana da ita. To Allah ya ba da abin da aka je nema." Malam ya sunkuyar da kai. Ni kuwa daren nan ban runtsa ba.

Bayan 'yan kwanaki na je duba mahaifiyar ɗalibar nan tawa, wadda jikinta ya sake tashi. Ɗaki ɗaya ne su bakwai, an raba da labule. Muna hira yarinyar tana fassara mana, sai ƙaninta ya shigo ya yi mata magana da Malayanci. Nan take uwar ta daka masa tsawa daga kwance. Na tambayi dalili. Ta ce a gidanta, da zarar an tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ba a yin wani harshe sai Rohinja. Ta ce, "Cikgu, sun ƙone gidanmu, sun ƙwace gonarmu, sun ce mu ba 'yan ko'ina ba ne. Abin da na tsallako teku da shi ke nan. Ki koya musu Turanci su sami abinci, amma idan suka manta wannan, da me za su ce su wane ne?"

Matar nan ba ta taɓa shiga aji ba, amma ranar ita ce malamata. Ita da ba ta da ƙasa ta riƙe harshenta da haƙori, ni da nake da fasfo da gari da dangi ina zubar da nawa da hannuna. Tun a motar haya na yanke shawara. Na ce da Malam daga yau dokar gidan nan Hausa ce. Ba a sha da daɗi ba, yarinya ta yi kuka, ta yi fushi, wani lokaci ta ƙi magana sam. Na koma yi musu tatsuniya kowane dare, Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, har da ƙurunƙus. Na roƙi Hajiya ta riƙa aiko da saƙon murya, mu kuma muna mayar mata. Matan Hausawa da ke unguwar, daga Kano da Sakkwato da Bauci har da 'yan Nijar, muka haɗa karatun yara ranar Asabar, a biya Alƙur'ani a fassara da Hausa. Kafin shekara ta zagayo, yarinya ta iya ce wa kakarta, "Hajiya, mijin nan fa nawa ne, sai dai ki haƙura."

Rabuwa

Ranar 18 ga Maris, 2020, gwamnatin Malesiya ta kafa dokar kulle saboda annobar korona. Makarantarmu ta rufe. A watan Afrilu aka zagaye unguwannin da ke kewayen kasuwar Selayang da waya mai ƙaya, ba shiga ba fita. Iyayen ɗalibaina masu cin abinci daga aikin yini suka rasa na sawa a baki. Ni da Makci da wasu mata muka riƙa haɗa shinkafa da mai ana miƙa musu ta hannun masu agaji. Na gwada koyarwa ta waya, amma gida mai waya ɗaya, ita ma a hannun uba, yaya za a yi?

Da aka sassauta muka koma, yara 14 na tarar cikin 26. Wasu sun bar unguwar, wasu mazan sun shiga dako. Ɗalibar nan tawa ba ta dawo ba, an ɗaura mata aure tana da shekara 15. Na je na sami uwar. Ban ce aure laifi ne ba, na dai roƙa a bar ta ta ci gaba da zuwa ko sau ɗaya a mako. Ta ce mijin ya tafi da ita wani gari. Ta ɗauko wata jaka ta nuna min, ta ce littattafanta kaɗai ta ƙi bari, ta kwashe su duka, jakar ce ta bar wa ƙaninta. Har yau ina sa ta a addu'a.

Malam ya kammala a 2021 muka tattaro muka dawo. Makci ta raka mu har filin jirgi, muka rungume juna muna kuka. Kukar da daddawar da na tafi da su ko shekara ba su kai ba suka ƙare. Takardar nan da na cusa a aljihun akwati, da abin da iyaye da malamai suka zuba min a ka, su ne suka yi min shekara huɗu ba su ƙare ba.

Shawarata gare ki

'Yar uwa, idan tafiya ta same ki, ga abin da zan ce. Ki tafi da takardunki na makaranta, kuma tun kafin ki tashi ki sa maigida ya binciko abin da bizarki ta halatta miki, kada ki karya dokar ƙasar mutane. Idan an hana ki aikin albashi, ba a hana ki aikin lada ba, ki nemi masallacin unguwa, a nan za ki sami Makcinki. Ki sani duk inda kika shiga da sunan ƙasarki ake kallonki, halinki zai buɗe wa na bayanki ƙofa ko ya rufe. Ki bar yara su koyi Turanci da Larabci da duk harshen da suka samu, amma daga bakin ƙofa zuwa cikin ɗaki ki tsare musu Hausa, domin ranar dawowa tana nan, kuma kakanni ba sa jira.

Mu kuma da muke gida, kada mu manta akwai irin waɗannan yara a kusa da mu, waɗanda rikici ya raba da garuruwansu a Borno da Zamfara da Katsina, suna zaune a kangwaye da bayan kasuwanni. Ba sai an hau jirgi za a same su ba. Ni dai tun da na dawo na ware yammacin Alhamis da Juma'a, ranakun da babu Islamiyya, ina koya wa wasu daga cikinsu karatu da rubutu a zauren gidanmu. Mai allo da alli da awa biyu a mako, ita ma za ta iya.

Allah ya mayar da duk wani ɗan gudun hijira gidansa lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya sa iliminmu ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.